Ayu na nan kusa da Duwala, amma kwalaben mai na barazana gare shi

Duk shekara idan ƙanƙara ta fara narkewa a ƙarshen arewacin duniya, masu hali kan biya maƙudan kuɗi su hau jirgin ruwa zuwa tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe don kallon namun daji. Tun daga 2025 dokar can ta hana kusantar farar dabbar beya ƙasa da mita 300, daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni kuwa mita 500 ne. Wato mutum ya biya kuɗinsa, amma daga nesa zai kalla.

Mu mazauna Nylon da New Bell muna da namu abin kallon, ba biza, ba rigar sanyi. Edea na da nisan kimanin kilomita 60 daga Duwala a kan hanyar Yawunde, daga nan sai Dizangue, inda Tafkin Ossa yake. Nan ne ɗaya daga cikin gidajen ayu a Kamaru.

Na shiga kwalekwale da sassafe tare da wani masunci. Ya ajiye filafili, ya ce mu yi tsit. Mun daɗe muna jira kafin ruwa ya motsa, wani hanci mai toka-toka ya leƙo, ya ja numfashi, ya koma. Shi ke nan! Haka kallon ayu yake, sai mai haƙuri. Ciyawa ce abincinsa, kuma masana sun ce giwa danginsa ce. Macen kan ɗauki ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya tak, shi ya sa idan an kashe ɗaya, maye gurbinsa aiki ne.

Tafkin ya sha wuya. Wata ciyawar ruwa 'yar asalin Kudancin Amurka, Salvinia, ta taɓa rufe kusan rabinsa, ta danne abincin ayu, ta hana masunta jefa taru. Ƙungiyar AMMCO, wadda Dokta Aristide Takoukam Kamla ya kafa, ta saki wani ƙaramin ƙwaro mai cin ciyawar, ruwa ya fara buɗewa. Wannan aiki ya kai shi ga lambar yabo ta Whitley a 2024.

To, ina ruwanmu? Da ruwanmu mana. Bahaushe ya san man ayu tun kafin ya san ayu, har yau kuma ana tallarsa a matsayin maganin mallaka da farin jini. Na tambayi wani dattijo mai sayar da magani: "Baba, wannan na gaske ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, mai saye ba ya tambaya." Idan jabu ne, an cuci mai saye, idan na gaske ne, an kashe dabbar da dokar Kamaru ta sa a rukunin A, wanda aka haramta farautarsa kwata-kwata. Kwalba ɗaya na iya kai ɗan kasuwa kotu.

Wanda zai je, ya tafi da sassafe, ya sa rigar ceto, ya nemi ɗan jagora na gari, kada ya matsa wa mai kwalekwale ya kusanci dabbar. Kuɗin da masunci ya samu daga masu kallo shi ke nuna masa cewa ayu mai rai ya fi matacce riba.