Kura Da Shan Bugu: Labarin Ma'aikatan Bankin Wells Fargo

RAN 8 ga watan Satumba na shekarar 2016, hukumomin ƙasar Amurka suka ci wani babban banki mai suna Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan da ta bayyana cewa ma'aikatansa sun yi ta buɗe wa mutane asusun ajiya da katin cin bashi ba da saninsu ba. A lissafin farko an ce asusun sun kai miliyan 2. Da aka sake bincike a shekarar 2017, sai adadin ya tashi zuwa miliyan 3 da rabi. Bankin ya kuma sanar cewa tun daga shekarar 2011 ya kori ma'aikata 5,300 saboda wannan laifi, watau dai ya nuna wa duniya cewa ɓata-gari ne kurum suka shiga cikin mutanen kirki, an kuwa tsame su.

To, amma mai karatu zai tambaya: ta ƙaƙa mutum fiye da dubu biyar, a garuruwa dabam dabam, waɗanda ba su san juna ba, za su faɗa cikin laifi iri ɗaya? Kuma laifin da ba wani kuɗin kirki suke samu a cikinsa ba?

Wells Fargo tsohon banki ne, an kafa shi tun 1852, hedkwatarsa na birnin San Francisco a jihar Kalifoniya. Bayan da ya haɗe da bankin Norwest a shekarar 1998, shugabanninsa suka ɗauki wata aƙida, cewa reshen banki kanti ne, ma'aikaci kuwa ɗan talla. Burinsu shi ne kowane gida da ke hulɗa da bankin a sayar masa da haja iri takwas: asusun ajiya, asusun yau da kullum, katin bashi, bashin gida, inshora da sauransu. Me ya sa takwas? Shugaban bankin, John Stumpf, ya rubuta a rahoton shekarar 2010 cewa kalmar takwas a Turanci amonta ɗaya da kalmar da ke nufin ƙasaita. Iyakar dalilin da aka bayar ke nan, amma a kansa dubban mutane suka riƙa kwana da tashi.

Wanda ya san kasuwannin Ikko, kamar Mile 12 ko Alaba Rago, ya san samari da 'yan matan banki da ke bi rumfa rumfa cikin rana suna roƙon a buɗe asusu a wurinsu, domin an ɗora wa kowane adadin da zai kawo, in bai cika ba aikinsa na rawa. Irin wannan ne aka yi a Wells Fargo, sai dai a can an tsananta shi ƙwarai da gaske.

YADDA RANAR AIKI TAKE

Jaridar Los Angeles Times ce ta fara tona asirin a watan Disamba na 2013, daga bakin ma'aikatan da kansu. Suka ce kowace safiya ana ba reshe adadin da zai sayar kafin a tashi. A wasu wuraren manyan yanki na kiran manajan reshe ta waya kowace awa, ya faɗi inda aka kai. Ana jera sunayen rassa daga na ɗaya har na ƙarshe, a rarraba kowa ya gani, wanda ya zo kashin baya a ci masa fuska gaban abokan aikinsa. Wanda bai cika nasa ba sai ya tsaya bayan an tashi, ko ya dawo ran hutu, yana buga wa mutane waya. Kalmar kora kuwa ba ta barin bakin manya.

Ƙaramin ma'aikaci da ke karɓar kimanin dala 12 a awa, ga kuɗin haya ga iyali, sai ya fara da 'yan uwansa da abokansa, ya roƙe su su buɗe asusun da ba su bukata. In waɗannan sun ƙare sai ya koma kan tsofaffi da baƙin da ba su jin Turanci sosai. Jaridar ta ba da labarin wata mata marar ko wurin kwana da aka lallaɓa ta buɗe asusu har shida. Daga nan sai aka kai ga buɗewa ba tare da an tambayi mai shi ba sam: a yi sa hannun ƙarya, a ƙirƙiri adireshin imel na bogi, a sa lambar sirri, a ɗebi kuɗi kaɗan daga asusun mutum na gaskiya a zuba a sabon domin kwamfuta ta ƙirga shi. Wani lokacin asusun na gaskiya ya kasa biyan abin da ke kansa, bankin ya caji mai shi tara kan abin da bai san da shi ba.

Watan Janairu ya fi kowane tsanani, domin a cikinsa ake ƙara adadin. Saboda haka wasu ma'aikata kan ɓoye takardun mutanen da suka zo buɗe asusu a Disamba, sai sabuwar shekara ta kama su shigar da su. Tsofaffin ma'aikata sun shaida wa jaridu daga baya cewa akwai masu shiga makewayi su yi kuka, akwai waɗanda firgita ta kai su asibiti suna tsammanin ciwon zuciya ne.

Abin da ya fi muni shi ne makomar masu gaskiya. Bankin yana da layin waya na musamman domin kai ƙarar rashin gaskiya, amma ma'aikata da dama sun ce bayan sun buga shi ne aka nemo musu wani laifi, kamar makara, aka sallame su. Wasu kuma aka rubuta baƙin shaida a takardar da sauran bankuna ke dubawa kafin su ɗauki mutum, ƙofar aikin banki ta rufe musu ke nan. A watan Afrilu na 2017 wata hukuma ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ta umurci bankin ya mayar da wani manaja da ya kora a 2010 bayan ya kai rahoton zamba, ya kuma biya shi dala miliyan 5.4.

MANYA FA?

Ran 20 ga Satumba 2016 Stumpf ya gurfana gaban wani kwamiti na Majalisar Dattawa, inda Sanata Elizabeth Warren ta ce masa ya sauka, a kuma bincike shi. Bai kai wata guda ba ya ajiye aiki. Hukumar darektocin bankin ta fitar da nata rahoton a Afrilu 2017, ta ɗora laifin kan tsarin tallan da kuma Carrie Tolstedt, wadda ita ke kula da dukkan rassa, ta ce an daɗe ana ganin alamu ana kau da kai. Aka ƙwace dala miliyan 69 daga ladan Stumpf, miliyan 67 daga na Tolstedt. A 2020 aka haramta wa Stumpf aikin banki har abada tare da tarar dala miliyan 17.5. A shekarar ce kuma bankin ya yarda ya biya dala biliyan 3, ya amsa cewa matsin da ya yi wa ma'aikata ne ya haifar da abin, tun daga 2002 har 2016. Shekara goma sha huɗu ke nan, ba kwana biyu ba.

Tolstedt ta amsa laifin yi wa masu binciken banki cikas a shekarar 2023, aka yanke mata shekara uku ƙarƙashin sa ido, da wata shida na ɗaurin talala a gidanta. Ba ta shiga kurkuku ba. Mutanen nan 5,300 kuwa an sallame su tun da daɗewa, babu lauya, babu kwamiti.

Bankin ya soke tsarin ɗora wa ma'aikatan rassa adadin talla daga watan Oktoba na 2016. Babban Bankin Amurka ya hana shi ƙara yawan kadararsa daga Fabrairu 2018, bai ɗage takunkumin ba sai a watan Yuni na 2025. A tsakanin nan, a watan Disamba na 2023, ma'aikatan wani ƙaramin reshe a birnin Albuquerque da ke jihar New Mexico suka jefa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago, abin da ba a saba gani ba a manyan bankunan ƙasar, wasu rassan kuma suka bi bayansu.