Rabon iko a tsarin mulkin Gana: ina za mu kai kukanmu?

'Yan'uwa, sau da yawa mu mutanen Zango mukan kai kukanmu inda ba nan maganinsa yake ba. Kwata ta toshe, sai a zagi ɗan majalisa. Alƙali ya yanke hukunci, sai a ce shugaban ƙasa ne. To, bari mu ɗan warware.

Tsarin mulkin 1992, wanda ya fara aiki ranar 7 ga Janairu 1993, ya kasa iko uku. Majalisa ke yin doka, kuma ba a ɗora wa jama'a haraji sai da dokarta. Shugaban ƙasa da ministocinsa su ke zartarwa. Wa'adinsa shekara 4, sau biyu kawai. Kotuna su ke hukunci, Kotun Ƙoli kuma ita ke fassara tsarin mulki, har tana iya soke dokar da ta saɓa masa.

Ɗalibai, wannan na ƙarshe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kun karanta yadda Sayyidina Ali (RA), yana halifa, ya tsaya gaban Alƙali Shuraihu kan maganar sulkensa, hukunci kuma bai ba shi ba. Mu ma a nan mun ga ɗan misali a 2013, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke ƙarar zaɓen 2012, Nana Akufo-Addo ya karɓi hukuncin, ƙasa ta zauna lafiya.

Amma gaskiya rabon bai zo daidai ba, hannun shugaba ya fi nauyi. Sashe na 78 ya wajabta masa ya ɗauko mafi yawan ministocinsa daga cikin majalisa. Mai kwaɗayin kujerar minista, yaushe zai iya yi wa shugaba faɗa? Shugaban gunduma ma, DCE ɗin nan, shugaban ƙasa ke naɗa shi da amincewar majalisar gundumar. Kwata da shara aikinsu ne.

Inda abin ya fi shafarmu shi ne gado. Dokar PNDC 111 ta 1985 tana nan daram. Musulmi ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, magada suka yi rikici har kotu, da ita alƙali zai raba, ba da ƙa'idar fara'ili ba. Kar mu ga laifinsa, aikinsa ya yi aiki da dokar da ya tarar. Gyaran doka na majalisa ne, don haka ɗan majalisarmu ya kamata mu tare da wannan tambaya idan ya zo gaishe mu ranar Idi. Kafin nan kuwa, mai gida ko shago ya samu malami da lauya su zauna tare a rubuta.