Rashin haihuwa: a duba maigida ma



A ajinmu na karatun manya akwai wani magidanci da ya saki mata biyu don ba su haihu ba. Ta farko ta yi aure a wani ƙauye, shekara guda ta haifi namiji. Sai mutumin ya ja ni gefe ya ce: "Malam, ko dai daga gare ni ne?" Na ce masa mu je likita.

Lokotoro ya tsayar da shi, ya taɓa marainansa, ya ce jijiyoyin jini ne suka kumbura. Sunan ciwon barikosel. Ba ƙaba ba ce, ba kuma gwaiwa ba. In ka taɓa sai ka ji kamar tsutsotsi cikin jaka. Kana tsaye abin ya cika, ka kwanta ya sace. Wani yana jin nauyi da ɗan ciwo bayan ya wuni yana noma, wani ba ya jin kome. Galibi gefen hagu yake kamawa, don jijiyar hagu ta fi tsawo, sai ta hau har jijiyar ƙoda kafin ta zubar da jininta. Cikin maza 100, wajen 15 suna da shi, kuma mafi yawansu suna haihuwa lafiya lau. Amma cikin maza 100 da suka rasa haihuwa, ana samunsa ga 35 zuwa 40.

Ga yadda yake ɓarna. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Maraina suna son sanyi kaɗan, ƙasa da haka da digiri 2 ko 3, shi ya sa Allah ya rataye su waje. In jini ya kwanta cikin jijiyoyin, wurin ya ɗumama. Daga nan wasu abubuwa masu cin jiki su yi yawa. Kun san yadda tsatsa ke cin hauyar da aka bari cikin raɓa, ko yadda man shanu ke canza wari in ya daɗe. Haka ke faruwa ga irin namiji, don fatar kowane ƙwayar iri mai maiƙo ce. Irin ya ragu, wanda ya saura ya kasa iyo, wani ya lalace tun daga ciki.

Jiki yana da masu tsaro, cikinsu akwai bitamin C da bitamin E. Masu bincike sun auna maniyyin masu wannan ciwo, sun tarar tsatsar ta yi yawa, masu tsaron sun yi kaɗan. Bitamin C yana cikin garin ƴaƴan kuka, gwaba, lemu, tumatir da ganyen zogale. Bitamin E yana cikin gujiya da manta. Duk muna da su, sai dai mukan kai kasuwa mu bar gida da tuwo tsura. Taba kuwa ƙara tsatsar take yi.

Amma kada wani mai tallar ƙwayoyi a kasuwa ya ruɗe ku. Bitamin ba ya gyara jijiyar da ta kumbura. Wannan aikin lokotoro ne: ƙaramar tiyata ce, a ɗaure jijiyoyin da suka lalace, jini ya bi wata hanya. Ba kowa ake yi wa ba. Sai an auna maniyyi da madubin likita tukuna, bayan mutum ya yi kwana 2 zuwa 7 bai kusanci iyalinsa ba. Likitar ƙauye na iya tura ka babban asibitin Yamai, Damagaram ko Maraɗi.

Bayan aiki sai haƙuri. Irin namiji yana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ya nuna, don haka sai bayan wata 3 zuwa 6 ake sake awo. Ba kowa ke samun haihuwa ba, amma da yawa irinsu na gyaruwa.

Ɗalibin nan nawa an yi masa aikin bayan girbi. Da zai koma awo, ya tafi tare da matarsa ta uku, ya kuma karanta takardar likita da kansa.