Auna Shirye-shiryen Jami'o'in Gana na Koya wa Ɗalibai Aiki

Jami'o'in Gana suna bin hanyoyi daban-daban wajen shirya ɗalibi ya samu abin yi bayan karatu. Jami'ar UDS ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, ta ware zango na uku na shekarar karatu domin ɗalibai su tare a ƙauyuka, su nazarci matsalolin mazauna wurin. Jami'ar Ashesi, da Patrick Awuah ya buɗe a 2002, ta sa darussan shugabanci da ɗa'a cikin manhajarta. Wata doka ta 2016 kuma ta mayar da kwalejojin kimiyya da fasaha jami'o'i, har da ta Accra, inda ake tura ɗalibai masana'antu su san makamar aiki.

Hanyar da aka fi amfani da ita wajen auna waɗannan shirye-shirye ita ce bin sawun tsofaffin ɗalibai, a tambayi inda suke da abin da suke samu. Sai dai lokacin tambayar yana iya sauya amsar. Tun 1973 Gana ke da tsarin hidimar ƙasa, wanda a yau yake cin shekara guda, saboda haka ƙidayar da aka yi wata shida bayan kammala karatu za ta tarar da yawancinsu a ofisoshi, alhali alawus suke karɓa. Haka shirin NABCO na 2018, da aka tsara don masu digiri 100,000 a kan sidi 700 a wata, ya kasance na wucin gadi, ya kuma ƙare a 2022. Amsar da za a dogara da ita sai an yi shekara biyu ko uku da gama hidima.

A unguwannin zango na Accra irin su Nima da Maamobi akwai ƙarin abin lura. Matashin zango da ya gama digiri ya buɗe shagon gyaran waya, ko ya karɓi kasuwancin gidansu ya tsara masa lissafi, takardar tambaya kan saka shi cikin marasa aiki, ko da yana biyan yaran shago. Wani kuma ta hanyar kawunsa ya samu gurbi, amma jami'a ce ke kwashe yabon. Shi ya sa auna mai kyau take kwatanta waɗanda suka shiga shirin jami'a da takwarorinsu da ba su shiga ba, sannan ta ji ta bakin masu ɗaukar ma'aikata.