Gwajin Kwamfutar Ko-ta-kwana

Ma'aikatun da ke ajiye bayanan jama'a sukan tanadi kwamfuta ta biyu, wadda ke kwafe duk abin da aka shigar a babbar nan take, domin ta karɓi aiki idan babbar ta lalace.

Amma tanadin da ba a gwada ba, ba abin dogara ba ne. A Janairun 2017 kamfanin GitLab ya yi asarar bayanan wajen awa 6, bayan an goge babbar ajiya bisa kuskure, alhali kwafin ya riga ya tsaya.

Saboda haka ake ɗora wa na'ura aikin gwajin. Lokaci-lokaci takan kashe babbar da gangan, ta auna daƙiƙoƙin da ta biyun ta ɗauka kafin ta karɓi aiki, sa'an nan ta gwama bayanan biyu layi-layi.