Ruwan Leda: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani Game Da Tantanin Tace Ruwa

Sayar da ruwan sha na daga cikin sana'o'in da 'yan Arewa mazauna Fatakwal da Anacha da Inugu suke cin abinci da su, tun daga 'yan ga-ruwa masu tura kurar jarkoki har zuwa dillalan ruwan leda da ke kai kaya tashoshin mota da kasuwanni. Duk wanda ya bi Titin Bida a Anacha, ko Titin Owerri a Inugu, ko garin Oyigbo da ke kusa da Fatakwal, zai ga irin cinikin da ake yi. Amma ga mai niyyar zuba jarinsa wajen kafa masana'antar ruwan, riba da asara sun rataya ne a kan wani abu da ba a cika gani ba, wato siririn tantanin roba da ke cikin na'urar tacewa.

Wannan tantani iri-iri ne gwargwadon girman ƙofofinsa. Akwai mai ƙofofin da suka kai daga kashi 1 cikin 10 na maikiron zuwa sama, wanda ke tare laka da yawancin ƙwayoyin cuta, shi kuwa maikiron ɗaya kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita. Akwai wanda ya fi shi matsewa. Sannan akwai wanda 'yan sana'a ke kira RO, wanda ake tura ruwa ta cikinsa da ƙarfin famfo, ya tare har gishirin da ya narke.

Masana biyu ne, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, suka fara ƙera tantanin RO mai amfani a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka wajen shekarar 1960. A ƙarshen shekarun 1970 John Cadotte ya fito da samfurin da ya mamaye kasuwa, inda ake shimfiɗa wata fata ta sinadarin foliyamaid, wadda kaurinta bai kai maikiron ɗaya ba, a kan wata roba mai ƙofofi. Wannan fata ta sama ita ce ke yin aikin tacewar duka.

Babbar matsalar tantani ita ce toshewa. Yawancin robobin da ake amfani da su ba sa jituwa da ruwa, sun fi jan maiƙo da dattin ganyaye da ƙwayoyin halitta, waɗanda ke manne wa fuskar tantanin har su zama yauƙi. Da zarar haka ta faru, ruwan da ke fita sai ya ragu, famfo ya ƙara wahala, janareta ya ƙara shan man dizal, kuma a dinga tsayar da aiki domin wanki.

Saboda haka ne masana'antu suka mai da hankali ga gyaran fuskar tantanin, ba tare da taɓa jikinsa ba. Hanya ta farko ita ce shafa masa wani siririn rufi na sinadari mai son ruwa, kamar PVA, ta yadda ruwa zai kwanta a fuskar ya hana datti samun wurin kamawa. Ta biyu ita ce dasa zaruruwan sinadari irin su PEG a fuskar ta amfani da haske mai ƙarfi ko iskar filasma, abin da ya fi shafe daɗewa domin ba ya saurin wankewa. Ta uku ita ce gauraya sinadarin tun lokacin zubin robar. A shekarar 2007 masana a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun bayyana wani rufi da suka kwaikwayo daga ƙaron da wata halittar teku mai ɓawo ke manne wa duwatsu da shi, wanda ke kama kusan kowace irin fuska. Har ila yau ana gwada ɓurɓushin azurfa domin hana ƙwayoyin cuta hayayyafa.

Sai dai kowane gyara da farashinsa. Rufin da ya yi kauri yana rage yawan ruwan da ke wucewa, kuma tantanin da aka gyara ya fi na gama-gari tsada. Abin da zai nuna ko ƙarin kuɗin ya dace shi ne irin ruwan da ke wurin.

A nan garuruwan uku sun sha bamban. Birnin Inugu yana zaune ne a kan dutsen da ba ya riƙe ruwa sosai, shi ya sa rijiyar burtsatse ba ta cika albarka ba, kuma tankoki ke jigilar ruwa daga yankin Ninth Mile, inda manyan kamfanonin lemo suka kafa masana'antunsu. Ruwan Kogin Kwara da ke gefen Anacha yakan cika da laka a lokacin damina. A yankin Neja Delta kuwa ruwan ƙasa yakan zo da tsami da sinadarin ƙarfe, ga kuma gurɓatar man fetur a wasu wurare. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2011 a kan ƙasar Ogoni ya gano sinadarin benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Inda maiƙo da datti suka yi yawa, nan tantani mai gyararriyar fuska yake biyan kuɗinsa.

Duk da haka, babu gyaran da zai maye gurbin matatun farko. Sinadarin ƙarfe yana zama tsatsa ya toshe tantani, don haka wajibi ne a cire shi da iska da yashi. Kulorin kuma yana cinye fatar foliyamaid, sai an bi da ruwan ta cikin gawayin tacewa tukuna. Masu ƙera tantanin na ba da shawarar a wanke shi da zarar ruwan da yake bayarwa ya ragu da kimanin kashi 10 cikin 100, domin dattin da ya daɗe ba ya fita.

Kasancewar daga ƙasashen waje ake shigo da waɗannan kaya, daga kamfanoni irin su FilmTec da Toray da Vontron, farashinsu yana bin kuɗin musaya, wanda ya yi tashin gwauron zabi bayan sakin darajar naira a watan Yunin 2023. Bugu da ƙari, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba ta yarda a sayar da ruwan leda ba sai da lambar rajista, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta taƙaita sinadarin ƙarfe ga miligiram 0.3 a kowace lita.

Don haka ya kyautu ɗan kasuwa ya fara kai ruwan rijiyarsa ɗakin gwaji, sannan ya nemi takardar bayanin tantanin daga dillali, ya kuma lissafa kuɗin dizal da na wanki da tsawon rayuwar tantanin kafin ya dubi farashin saye. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.