Bikin Waliyyi Bulus a Garin Palazzolo Acreide na Tsibirin Sisili

1.0 Gabatarwa

A tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, wanda Larabawa ke kira Siƙilliya, da wuya a sami gari ko ƙauye wanda ba shi da wani waliyyi da mazaunansa, mabiya ɗariƙar Katolika, suka ɗauka majiɓincinsu, suke kuma yi masa biki shekara-shekara. Tun a 1900 masanin al'adu Giuseppe Pitrè ya wallafa littafi sukutum a kan irin waɗannan bukukuwa. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, watau bikin Waliyyi Bulus da ake yi ranar 29 ga Yuni a Palazzolo Acreide, wani ɗan gari mai mutane wajen 8,000 a kan duwatsun lardin Sirakusa. Manufa ita ce a nuna cewa bikin ginanne ne a kan bakance: mutane su roƙa, idan buƙata ta biya su cika alkawari a bainar jama'a.

2.0 Alkama da Maciji

Ƙarshen Yuni shi ne lokacin girbin alkama a Sisili. A zamanin da ake yanka da lauje, manomi ba shi da abin tsoro a gona kamar saran maciji. A nan ne Bulus ya shigo, domin kuwa littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin cewa maciji ya sare shi a tsibirin Malta bai yi masa kome ba, daga bisani kuma ya yi kwana uku a Sirakusa a kan hanyarsa ta zuwa Roma. Saboda haka manoma suka riƙe shi mai tsare su daga dafi.

Wannan imani ne ya haifar da waɗanda ake kira ciarauli, watau gardawan macizai. An yarda cewa duk wanda aka haifa a daren 24 wayewar 25 ga Janairu, ranar tunawa da tubar Bulus, dafi ba ya kama shi, kuma yawunsa magani ne. A da sukan halarci bikin da macizai rataye a wuya. Yanzu sana'ar ta mutu, amma macijin bai bar bikin ba. Ya koma jikin cuddura, wani burodi mai siffar ƙawanya wanda akan yi wa ado da surar maciji. Da safiyar ranar biki akan zaga gari da amalanke ana karɓarsa daga waɗanda suka yi bakance, a sa masa albarka, sa'an nan a sayar a ƙofar majami'a. Ke nan manomi ya mayar wa waliyyi wani abu daga alkamar da yake ganin an tsare shi har ya girbe.

3.0 Fitowa

Mutum-mutumin waliyyin yakan kasance a ɓoye bayan labule a yawancin shekara, sai da maraicen 28 ga Yuni a yaye labulen, jama'a su kaure da kirari. Kashegari da ƙarfe 1 na rana daidai, lokacin da zafi ya kai matuƙa, ake yin abin da suke kira sciuta, ma'ana fitowa. Da zarar karagar da ke ɗauke da shi ta leƙo ƙofa, sai a kaɗa ƙararrawa, albarushi ya tashi, a harba dubban dogayen ƙyallayen takarda masu launi, 'nzareddi, har su rufe fuskar majami'ar.

Abin lura a nan shi ne kowa da irin bashin da ya zo biya. Mazan da ke ɗaukar karagar sukan tallabe ta a kan kafaɗa tsirara, ba gammo, domin wahalar ita ce abin da suka alkawarta. Mata sukan bi baya ba takalmi. Iyaye kuwa sukan miƙa jariransu tsirara a ɗaga su gaban waliyyin, ko don godiya ko don neman tsari, wasu kuma su ba da kuɗi. Ba a yin ko ɗaya a asirce, don kuwa bakancen da aka cika a idon gari shi ne ake ganin ya cika.

4.0 Gari Ɗaya, Waliyyai Biyu

Zai zama kuskure a ɗauka cewa bikin yana haɗa kan garin gaba ɗaya. Kafin Bulus, Maryamu ce majiɓinciyar garin, da laƙabin Odigitria, kuma a majami'ar Waliyyi Sebastiano ake girmama ta. A 1688 aka zaɓi Bulus a madadinta, hukumar coci a Roma ta tabbatar a 1690. Mutanen unguwar Sebastiano ba su ji daɗi ba, kuma tun daga nan garin ya rabu gida biyu: Sampaulisi da Sammastianisi. Girgizar ƙasa ta 1693 ta rushe garin, amma ba ta rushe gabar ba. Kowane ɓangare ya sake gina majami'arsa, kuma duka biyun sun shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2002. Har yau mutanen Sebastiano na yin tasu fitowar ranar 10 ga Agusta, da ƙarfe 1 na rana su ma, sai dai gabar ta yi laushi ta zama gasa da zolaya.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa dalilin farko na bikin ya raunana, tun da inji ya maye gurbin lauje, asibiti kuma ya maye gurbin gardi. Duk da haka bikin bai mutu ba, domin buƙatar da ake yi wa bakance ce ta sauya, daga tsoron maciji zuwa lafiyar ɗa ko dawowar wanda ya tafi ci-rani. Ga mai nazarin al'ada, wannan na nuna cewa tsarin biki kan daɗe fiye da dalilin da ya haife shi, muddin jama'a na samun sabon abin da za su zuba a cikinsa.